Me dankali yake yi a kunun zaƙi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Kunun zaƙi nake yi na sayarwa a Zariya. In na zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali a damammen gero, sai ya tsinke, ya yi zaƙi tun ban sa sukari ba. Amma in damun yana tururi aka zuba, haka zai kwana da kaurinsa. Mene ne dalili?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dankali yana da enzayim, wato sinadarin da ke saurin farfasa abinci, mai suna amiles. Sitacin gero doguwar sarƙar sukarin gulukos ce, amiles kuma yana datse ta biyu-biyu ta zama sukarin maltos, zaƙin ke nan. Enzayim furotin ne, zafin da ya haura digiri 80 na Salshiyas yakan lalata siffarsa, ko ya huce ba ya dawowa. Ki bari damun ya sauka wajen digiri 60.

Inna Talatu: Wa ke da ma'aunin zafi a madafa, yarona? Mu da yatsa muke ji. Kuma tsiron dawa ya fi saurin tsinkawa.

Ɗan Samaru: Gaskiyarki, Inna. Tsiro yana da nau'in amiles da ke yanka sarƙar daga tsakiya, shi ya sa ya fi saurin tsinkawa. Tsamin kwana kuwa aikin bakteriya ne.