Wai mace ba ta waƙe mace sai don liƙi?

Ɗan Funtua: Salamu alaikum jama'a. Jiya muna hira na ce mace ba ta wasa 'yar uwarta a waƙa tsakani da Allah, aka taso min kamar na yi saɓo. Ku duba: in zabiya ta kama sunan wata Hajiya, liƙi take jira. In kuwa ba kuɗi a gaba, habaici ne da zambon kishiya. Ni ɗan garin su Barmani Choge ne, da waƙoƙinta aka raine mu.

Uwar Biki: Wa'alaikumus salam ƙanena. To shi Shata da ya waƙe Kilishi jikar Dikko fa, sadaka ya yi? Narambaɗa da ke wasa Sarkin Gobir na Isa, ba doki da riga ake ba shi ba? Roƙo sana'a ce, maza da mata. Don me sai a kan mace abin zai zama kwaɗayi?

Kuma kai kaset ka ji, ni a tsakar gida na ji. Ranar sunan 'yar ƙanwata aka kife ƙore, guda a kan ruwa cikin babban baho, 'yan amada suka ɗauka. Can mai waƙar ta hango wata tsohuwar ungozoma a rakuɓe bakin murhu, zaninta ya koɗe, ko sisi ba ta da shi. Ta kama sunanta, tana lissafo gidajen da ta yanke cibiya a unguwar nan, gida-gida. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Wa ya biya wannan?

Ɗan Funtua: Yaya, wannan ai sau ɗaya ne. Ni waɗanda aka ɗauka aka adana nake nufi.

Malamar Islamiyya: To ga wanda aka adana, tun kafin a ƙirƙiro kaset. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka wajen 1837. Ta jero matan Manzon Allah (SAW) da 'ya'yansa, ta kawo su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro kan matan zamaninta, malamai da mahaddata na jama'ar Shehu. Ta kuma yi wa aminiyarta A'isha, matar Muhammadu Bello, marsiyya. Matan da ta naɗa jaji, wato jagororin karatu, su suka riƙa kai waƙoƙin nan ƙauyuka, 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatunta, suna haddacewa.

Baba Mai Rediyo: Malama, Allah ya gafarta, a nan zan ɗan ja da ke. Nana Asma'u malama ce marubuciya, ba makaɗiya ba, kada mu haɗa ta da masu ƙwarya. Kuma ita waccan waƙar, daga littafin nasiha da ɗan'uwanta Bello ya rubuta da Larabci ta ɗauko ta. Ashe namiji ne ya fara yabon.

Malamar Islamiyya: Haka ne Baba, ban musa ba. Amma wa ya mayar da shi Fulatanci da Hausa har ya shiga bakin matan da ba su san Larabci ba? Marsiyyar A'isha kuwa ba wanda ya rubuta mata, zafin rashi ne ya sa ta.

Ɗalibar Zariya: In kiɗa kuke so, ga na maƙwabta. Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta fitar da faifai sukutum a 2019 don karrama Celia Cruz, mawaƙiyar Kuba da ta rasu tun 2003. Matacciya dai ba ta liƙi. Kafin nan a 2014 ta yi wani mai suna Eve, da sunan da ake kiran mahaifiyarta, ta sadaukar da shi ga matan Afirka. Oumou Sangaré ta Mali ma ta waƙe mahaifiyarta Aminata, wadda da waƙar biki ta ciyar da su bayan uban ya bar gidan.

Ɗan Funtua: Kin ga, Kidjo ta ci kyautar waƙa ta Grammy da duka faifan biyu. Riba dai ta shigo ta bayan gida. Uwa kuma kowa na yabon tasa, ba a sa ta a lissafi.

Uwar Biki: Lallai! An kawo maka talaka ka ce sau ɗaya ne, an kawo malama an ce ba makaɗiya ba ce, an kawo uwa ka ce ba ta cikin lissafi. Ita Barmanin da kake tinƙaho da ita, har ta koma ga Allah a 2013 kiran mata take su kama sana'a. Wannan zambo ne?

Ɗan Funtua: Nasiha ce Yaya, ba yabo ba. Ina nan kan bakana, sai dai na cire ungozomar nan.

Uwar Biki: Asabar mai zuwa akwai wunin biki a gidanmu, an kira 'yan amada. Ka turo amaryarka ta jiyo maka, tunda kai a zaure za a tsayar da kai.