Zoben wuta a fitilar Corolla: in sa ko in bari?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Corolla 2006 gare ni, fitilunta na gaba sun dishe har sun yi rawaya. Wani mai kayan kwalliyar mota a Ƙofar Ruwa ya nuna min fitila mai zoben farar wuta irin na BMW, ya ce ko in sayi sabuwa, ko a buɗe tawa a dasa zoben, a haɗa da ƙwai mai shuɗi-shuɗi. Gaskiya abin ya shiga raina. Sai dai ina yawan bin hanyar Zariya da dare. Me kuka gani?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zoben nan ado ne kawai, ba ya haska maka titi ko taku ɗaya. BMW ce ta fara fito da shi a 5 Series wajen shekarar 2000, kuma su tun daga kamfani suka ƙera gidan fitilar da shi. Taka kuwa sai an gasa gam ɗin da ya riƙe murfin kafin ta buɗe. In mai aikin bai mayar da shi daidai ba, ruwan farko na damina za ka ga fitila tana gumi daga ciki, zoben ya mutu gefe guda, mota ta koma kamar mai hakiya.

Shuɗin ƙwan ne ma ya fi damuna. Lambar da ke jikin kwalin, 6000K ko 8000K, launi take nunawa, ba ƙarfi ba. Zenon, wato ƙwan nan mai farin haske, wanda kamfanoni ke sawa bai wuce wajen 4300K ba. Kuma madubin cikin fitilar Corollarka don ƙwan halojin aka yi shi, in dai 'yar Amurka ce ƙwai mai lamba 9006 ne na dim (ƙaramin haske), 9005 na ful (babban haske). Ka cusa wani iri, hasken ya watse sama.

Baba Direba:
Allah ya yi maka albarka, Mai Wayarin. Yaran nan su ke kashe mana ido a hanya. Ka yi masa sigina ya rage, ashe a dim ɗin yake! Ranar hazo kuwa shi kansa ba ya ganin gabansa.

Sadiya K.:
Baba, a yi mana afuwa, ba duka ba. Ni na sa a Camry ɗina, amma cikakkiyar fitila na saya mai ƙwayar gilashi a ciki, wadda ke yanke haske kada ya hau fuskar mai tahowa. Aka saita ta a jikin bango da dare. Kawai ka guji ja da shuɗi, ka bar wa 'yan sanda da motar asibiti.

Ɗan Fagge:
Na gode. To rawayar fa, Malam?

Mai Wayarin:
Murfin roba ne, rana ce ta cinye rufin da ke kansa. A goge da samfefa mai laushi da ruwa, a fesa sabon rufi, in ba haka ba wata kaɗan za ta dawo. Fara da wannan, ka bi Zariya sau ɗaya, sannan mu yi maganar zobe.