Na sayi mota ta hannu a wata jiha: in sake rajista ko in bar lambarta?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Na sayi mota ta hannu a wata jiha na kawo ta gida. Wanda ya sayar mini shi ne na biyu da ya riƙe ta, kuma bai taɓa canza suna ba, duk takardun da sunan mai ita na farko suke. Abin da ke hannuna: rasit ɗin ciniki da sa hannun shaidu, takardar mallaka, ta kwastam, da inshorar da ta kusa ƙarewa. In cire lambar can in yi sabuwar rajista a jiharmu, ko in bar lambar in canza suna kawai? Kuma dole sai na koma can, ko za a iya gamawa a nan?

Ɗan Auta: Allah ya sanya alheri, ya kare sharrin ƙarfe. Wace iri ce? Tana shan mai?

Direban Dare: Malam, hau abarka. Tunda takardu ba su mutu ba, wa zai tare ka? Ranar da suka ƙare sai ka haɗa komai ka yi.

Maman Walid: Direba, irin wannan shawarar ce ta mayar da ni hawan haya. Mu ma haka aka ce mana, muka yi ta yawo da sunan wani har takardu suka ƙare. Ranar da muka je sabuntawa, jami'in ya kunna fitilar wayarsa ya haska ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, yana karanta lambar shasi, wato lambar da kamfanin ƙira ya buga a jikin motar, baƙi bayan baƙi, yatsansa na kan takarda. Ya buɗe ƙofa ya duba ta jikin ginshiƙi. Sai ya ɗago ya tambayi maigidana wa ya buga mana wannan takardar. A tamu akwai harafin O a tsakiya. Ashe lambar shasi ba a sa mata I ko O ko Q sam, don kar a rikita su da 1 da 0. Wani ne ya mayar da sifili harafi, don in an bincika kar a ga komai. Da suka shigar da ta jikin motar a kwamfuta sai ga rahoto: mai ita na farko ya ci bashi da ita bai biya ba. Nan take aka karɓi makulli. Wanda ya sayar mana, wayarsa a kashe har gobe. Dillali ya ce shi haɗa mu kawai ya yi. Motar tana can a ajiye, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kujerar yarona ma tana ciki ba su bari na ɗauka ba.

Kawu: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, 'yata. Kun kai ƙara?

Maman Walid: Mun kai, Kawu. Ana ta ɗage zama.

Bakanike: Hajiya ta faɗi gaskiya. Tun 1981 lambar shasi baƙi 17 ce, in ka ƙirga ka ga 16 ko 18 a motar bayan wannan shekara, ka tsaya. Baƙin farko ƙasar ƙira yake nunawa, J Japan, W Jamus. Kuma kar ka tsaya a ta gilashi, ka nemi wadda aka buga a jikin ƙarfe, ka shafa da hannu. In ka ji alamar walda ko sabon fenti a wajen kaɗai, akwai magana.

Tsohon Ejan: Ku daina tsorata bawan Allah. Canjin suna kawai zai yi, abin da zai kashe bai kai kuɗin taya biyu ba.

Direban Dare: Taya biyu na keke? Ni sai da na kashe kuɗin tayoyi huɗu da batir.

Tsohon Ejan: Kai sabuwar lamba ka yi, kuma wanda ka ba aikin ya yanke ka.

Direban Dare: Ai ɗan'uwanku ne ya yanke ni, Oga.

Malama Uwani: Ni da kaina na bi layi, ban kashe ko rabin abin da ejan ya ce mini ba. Amma ba su karɓi rasit ɗina ba sai da na kawo takarda daga wanda sunansa ke kan rajista. Baban Ilham, matsalarka ke nan. A idon ofis, wanda ya sayar maka bai taɓa mallakar motar ba. Ka sa shi ya nemo mai ita na farko tun kuɗinka bai huce a aljihunsa ba. Inshora ma ka yi sabuwa da sunanka, don in tsautsayi ya faru, mai suna a takarda kamfani ya sani.

Tsohon Ejan: Takardar rantsuwa daga kotu ta wadatar. Na yi wa mutane ba adadi.

Malama Uwani: A wace jiha, kuma a wace shekara? Kowace jiha da ƙa'idarta, ga shi yanzu komai ya koma kwamfuta.

Tsohon Ejan: Malama, mota ɗaya kika yi wa rajista a rayuwarki.

Malama Uwani: Kuma tana ƙofar gidana, ba wanda ya ƙwace.

Ɗan Auta: Yaya, sayar mini da ita a rabin kuɗi ka huta. Ni ba na fita titi sai bayan isha'i.

Baban Ilham: Na gode kwarai. Na duba, shasin 17 ce kuma ta yi daidai da takarda. To maganar lamba fa, in cire ko in bari?

Direban Dare: Cire. Baƙuwar lamba kiran jami'i take yi. Motoci goma za su wuce shinge, kai za a ɗaga wa hannu.

Kawu: Ka cire ka samu wacce? Ni na biya kuɗin sabuwar lamba tun kafin jikana ya fara rarrafe, yanzu yana gudu. Kullum a ce ba a bugo ba. Takardar wucin gadin da suka ba ni ta tsage a wajen ninki, na manne ta da salatif, jami'in hanya kuma ya ce bai san da ita ba.

Malama Uwani: Kawu, ka ci sa'a an ba ka takarda. Ƙanwata hoton rasit take nunawa a waya.

Tsohon Ejan: Da kun bi ta hannun mai hanya da tuni ta fito.

Kawu: Ta hannun mai hanyar na bi, ɗana. Shi ma yanzu ya daina ɗaukar wayata.