Dukiyar da aka manta a Amurka: taƙaitattun shawarwari

Ga abin da wata tattaunawa kan dukiyar da aka manta da kuma tsintuwa a Amurka ta ƙunsa. A Amurka kowace jiha da dokarta. Kuɗin da aka bari a banki ba motsi, yawanci shekara 3 zuwa 5, ana miƙa shi ga gwamnatin jiha ta ajiye. Mai shi ko magadansa na iya karɓa, kuma kyauta ne. Batun wannan kuɗi ya fi damuna, domin 'yan'uwanmu da suka dawo gida suna ɗauka kuɗinsu ya salwanta. Aka ce a duba MissingMoney.com, shafin intanet na neman irin wannan kuɗi, a bincika duk jihar da aka taɓa zama, a guji dillalai masu neman kaso.

Tsintuwa kuwa, a jihar Kalifoniya abin da ya kai dala 100 'yan sanda ake kai wa. In kwana 90 suka wuce mai shi bai zo ba, yana iya zama na wanda ya tsinta.