Ina zan samu karatun Misa na Hausa cikakke?

Salama gare ku 'yan'uwa. Ni ne mai shirya karatun Misar Hausa a wata ƙaramar ikilisiya a wajen garin Sakkwato, kuma abin ya kai mini iya wuya.

Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu mai littattafai 66 ne, namu na Katolika kuwa 73. Duk Lahadin da karatu na farko ya faɗo a Sirak, Hikima ko Makabiyawa, littattafan da babu su a cikin mai 66 ɗin, sai mu tsaya cirko-cirko. Ga Idin Iyali Mai Tsarki na tafe bayan Kirsimeti, karatunsa Sirak sura 3.

Na gwada Littafi Mai Tsarki na waya, waɗannan littattafan babu su a ciki. Wanda aka turo mini ta WhatsApp kuwa, ba sunan wanda ya fassara, ba amincewar bishop, lambobin ayoyin ma sun saɓa da na littafin Turancin Fada, wato firist ɗinmu. Katikis ya ce in fassara da kaina. Ban yarda ba, Maganar Allah ce, kuma tsofaffinmu Hausa kaɗai suke ji.

Don Allah, a ina zan sayi littafin karatun Misa na Hausa, shekarun A, B da C (zagayen karatun Lahadi na shekara uku), wanda Ikilisiya ta amince da shi?