Neman suna ga ciwon diddigen da ke kama mutum da takun farko na asuba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe, da ma'aikatan lafiyar da ke tare da mu. Yau ina so mu tsaya a kan wata cuta da ta yi yawa a cikinmu amma ba ta da tsayayyen suna da Hausa. A katin asibiti ana rubuta ta plantar fasciitis. Mai katin ya koma gida, a tambaye shi me likita ya ce, ya amsa da cewa wai ciwon ƙafa ne. Shi ke nan, duk bayanin an baro shi a ƙofar asibiti.

Ga kamanninta. Mutum ya tashi da asuba zai je alwala, yana sauke ƙafa ƙasa sai ya ji suka a ƙarƙashin diddige, ta ɓangaren ciki, har sai ya dafa bango. Ya ɗan ɗingisa, bayan taku kaɗan abin ya lafa. Ya daɗe a zaune a shago ko cikin mota, yana miƙewa ta dawo. Da yamma kuma, in ya wuni a tsaye, sai ta koma zugi. Ƙiyasin da likitoci suka saba kawowa shi ne mutum 1 cikin 10 zai gamu da ita a rayuwarsa, an kuma fi ganinta tsakanin shekara 40 da 60. Masu jiki, malaman makaranta, masu gadi, masu aski, ma'aikatan jinya, 'yan dako, masu gudu, duk tana yawan ziyartarsu. Turawan Ingila ma a da suna kiranta diddigen ɗan sanda, saboda yawan sintiri a ƙafa. Alhazai da yawa sun san ta: ɗawafi ba takalmi a kan daɓen dutse, ga safa da marwa sau 7, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 3.

Sunan na asibiti gutsattsarin Latin da Girkanci ne guda uku. Na farko tafin ƙafa, na biyu maɗauri, na uku kumburi irin mai zafi. Abin da ake nufi da maɗaurin shi ne wani zare mai kauri da tauri, mai faɗi, wanda ya taso daga ƙashin diddige ya bi ƙarƙashin tafin ƙafa ya rarrabu zuwa gindin yatsu biyar. Wurin da ya kama ƙashin diddige, nan ne ciwon yake.

To, me za mu kira shi?

Abin da ya fi kusa da baki shi ne ciwon diddige, ko ciwon dunduniya. Ba ƙarya a ciki, amma wuri kawai ya nuna. Mai faso diddigensa na ciwo. Wanda ƙashinsa ya tsage ma haka, da wanda wata jijiya ta danne, da yaro ɗan shekara 10 ko 12 mai buga ƙwallo wanda ƙashinsa ke kan girma. Maganinsu ba ɗaya ba ne. A bar wannan a matsayin koken da marar lafiya zai zo da shi, ba sunan cutar ba.

Sanyi kuwa, ko sanyin ƙashi, ba na so mu kusance shi. Mun riga mun ɗora wa kalmar nan kayan da ya fi ƙarfinta, daga ciwon gwiwa har ciwon mara. Duk wanda aka ce masa sanyi ne, hanyar mai lasifika a bakin kasuwa zai bi.

Wanda na fi jin tsoronsa shi ne ƙayar diddige, don yana da daɗin faɗa, yana da magoya baya kuma. 'Yan uwanmu na Nijar sun saba jin likitoci na cewa épine calcanéenne da Faransanci, wato ƙayar ƙashin diddige. Larabawa ma suna cewa shauka azmiyya, ƙayar ƙashi. Dalili shi ne idan aka ɗauki hoton ƙashi, sau da yawa akan ga wani ɗan tsini ya fito a ƙasan diddigen. Ana nuna wa mutum shi, sai ya ce lallai ga abin da ke suka na. Amma tsinin nan ba ƙasa yake kallo ba, gaba yake kallo, wajen yatsu. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwon diddige ba, wasu kuma suna fama da ciwon hotonsu fes. Waɗanda suka warke ma tsinin yana nan inda yake. Ga babbar illar: ƙaya cire ta ake yi. Da zarar ka ce wa Bahaushe akwai ƙaya a ƙafarsa, ka aika shi neman mai aska ke nan, ko wanzami ya yi masa tsaga ko sakiya, ko ya nace sai an yi masa tiyata. Idan mai ciwon suga ne, rauni ɗaya a tafin ƙafa ya isa ya jawo abin da ba ma fata.

Fassarar kai tsaye, kumburin jijiyar tafin ƙafa, ita ce masu shirin lafiya a rediyo za su fi saurin ɗauka. Matsalarta biyu. Jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da mai kai saƙon ji, da mai haɗa tsoka da ƙashi, mai sauraro ba zai san wadda ake nufi ba. Kumburi kuma Bahaushe da ido yake ganinsa. Zai duba ƙafarsa, bai ga ta tashi ba, ya ce likita bai gano ba. Abin mamaki, su kansu masu sunan sun fara ja da baya a kan wannan gaɓar. A 2003 wani likitan ƙafa a Amurka, Harvey Lemont, da abokan aikinsa suka duba naman mutum 50 da aka yi wa aiki saboda ciwon, ba su sami alamun kumburin ba. Abin da suka gani zaren ne ya lalace, ya saki, ya tsattsage a hankali saboda yawan aiki. Ba dalilin da zai sa mu ɗauko kuskuren da masu shi ke ƙoƙarin ajiyewa.

Tantani ma an ambata. Tantani siriri ne, tsinke kan huda shi. Wannan kuwa yana ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya a kowane taku.

Shawarata ita ce: ciwon tsirkiyar ƙafa. Wasu garuruwan tsarkiya suke cewa, duk ɗaya ne.

Ƙasusuwan tafin ƙafa a lanƙwashe suke, irin lanƙwasar baka. Abin da ya riƙe bakan nan kada ya baje idan an taka, shi ne zaren da ya ɗaure wannan kai da wancan kai, diddige da yatsu. Aikin tsirkiya ke nan, ba ragi ba ƙari. Kowa zai iya tabbatarwa yanzu da hannunsa. Ka ɗora ƙafa a kan gwiwa, ka ja babban yatsa sama, ka shafa tsakiyar tafin ƙafar. Za ka ji wani abu ya miƙe ya yi tauri ƙarƙashin fata, kana sakin yatsan ya kwanta. Wani likitan Ingila, Hicks, shi ya yi bayanin wannan a 1954, cewa ɗaga yatsu na ɗaure zaren ya ƙara lanƙwasa tafin ƙafa, ta haka ne ƙafa ke samun ƙarfin tura mutum gaba.

Na damu da wannan ne saboda suna na kai mutum wani wuri. Zazzaɓin cizon sauro, sunan kansa ya gaya maka ka nemi gidan sauro. Shan inna kuwa, sunan ya jingina cutar ga iska, kowa ya san wahalar da masu rigakafi suka sha kafin a yarda ƙwayar cuta ce. Wanda aka ce wa tsirkiyarsa ce ta gaji, ya riga ya fahimci rabin maganin. Ya san ba a fizgar tsirkiyar da ta kwana a sake, ba a kuma gyara ta da wuƙa.

Daga nan bayanin asuba ya zo da sauƙi. Cikin barci ƙafa kan sunkuya, tsirkiyar ta kwana a takure, takun farko ya fizge ta lokaci guda. Don haka kafin ka taka ƙasa, zauna a bakin gado ko kan shimfiɗa, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ka kama yatsun ka ja su wajen ƙwauri har ka ji tsirkiyar ta miƙe. Ka riƙe ka ƙirga 10, ka saki, ka maimaita sau 10, a yi haka sau 3 a yini. Wannan tsarin ne wani likita, DiGiovanni, da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 2003, ya kuma fi miƙa agara kaɗai amfani. Agarar ma kada a bar ta, don idan ita da sha-raɓa suka yi tauri suna ƙara jan diddigen. A dafa bango, a miƙe ƙafar mai ciwo a baya, diddige manne da ƙasa, a karkata gaba na rabin minti.

Akwai kuma na ƙarfafawa, wanda wani mai bincike, Rathleff, ya gwada a kan mutum 48 a ƙasar Denmak. A tsaya da ƙafar mai ciwo kaɗai a bakin matakala ko dakali, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin yatsu, a yi ɗage a hankali cikin sakan 3, a tsaya sakan 2, a sauko cikin sakan 3. Sau 12, zagaye 3, ana tsallake kwana ɗaya. Waɗanda suka yi sun fi masu jan tsirkiya kawai samun sauƙi a wata 3, ko da yake bayan shekara duka ɓangarorin sun zo daidai. Wanda ƙafa ɗaya ta gagare shi ya fara da biyu.

Sauran kowa zai iya. A daina yawo ba takalmi a kan siminti da tayil, ko cikin ɗaki ne. Silifas ɗin da ya suɗe ya zama faifai a jefar da shi, a nemi takalmi mai taushin diddige da ɗan tudu. A murza robar ruwa mai ƙanƙara ƙarƙashin tafin ƙafa na minti 10 da yamma. Mai tsayuwa a wurin aiki ya nemi kujera ya riƙa hutawa, mai ƙiba ya rage ko kaɗan ne. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac na ɗan lokaci ne, mai olsa ko ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya sha sai da izinin likita. Allurar kotizon da ake yi a diddige tana kawo sauƙi na 'yan makonni, amma maimaita ta na iya tsinka tsirkiyar ko ya narkar da kitsen da ke kare ƙashin, don haka ba aikin kemis ba ne. Cutar tana da naci, watanni take ɗauka, amma kusan 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara ba tare da an taɓa su da wuƙa ba.

Yanzu ga martanin da suka shigo.

Malam da ka ce yaran birni ba su san tsirkiya ba, Allah ya ƙara ilimi, maganarka na kan hanya. Amma duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko garaya ko molo, jimla ɗaya ta ishe shi ya gane. Kalmar tamu ce, tana raye, gara mu ba ta sabon aiki da mu ƙago wadda ba ta da dangi.

Hajiya ma'aikaciyar jinya, kin ce me zai hana a ce tsirkiyar diddige, tunda nan ne ciwon. Na so hakan da farko. Abin da ya sa na tsaya a kan ƙafa shi ne motsa jikin daga yatsu ake yin sa, ina so sunan ya tuna wa mutum cewa zaren ya ratsa tafin duka. Kin kuma yi daidai da kika ce a ja kunne: idan akwai dindiris ko raɗaɗin wuta, ko ƙafar ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko yana hana barci ko ba a taka ba, ko mutum na da suga, to ba zancen tsirkiya ake ba, a tafi asibiti. Haka saurayin da diddigensa biyu ke ciwo tare da ƙagewar baya da safe. Wanda ya yi wata biyu ko uku yana motsa jikin bai ga canji ba, ya nemi sashen gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa da shi.

Ɗan uwa daga Damagaram, ka tambayi yadda za a sa shi a magana. Gaɓar ita ce tsirkiyar ƙafa, cutar ciwon tsirkiyar ƙafa, a taƙaice ciwon tsirkiya. Za a ce tana fama da ciwon tsirkiya, ko tsirkiyarsa ta motsa, ko ka ja tsirkiyarka kafin ka sauko daga gado. Ɗan tsinin hoton kuma a kira shi tsiron ƙashin diddige, a raba shi da cutar. Masu shirin lafiya a gidajen rediyo, don Allah ku gwada shi a kan masu bugo waya ku dawo mana da yadda suka karɓe shi. Wanda kuma ya ji maɗoran garinsu na da nasu sunan ga wannan zaren, daga Sakkwato ne ko Maraɗi ko Kumasi, ya kawo mu auna su tare.