Yaya zan rubuta sulhun uba da ɗa ba tare da na yi ƙarya ba?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Ina karatun fim a nan Jos, an ce kowa ya kawo labarin gajeren fim na minti 15. Nawa a kan yaro ne ɗan shekara 13 da mahaifinsa ke shan giya. Ba zan ɓoye muku ba, labarin gidanmu ne. Baba direban babbar mota ne, kayan gwari yake ɗauka daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu. Da burkutu ya fara, ya ƙare a goskolo, wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida. Da yake ni ne babba, ni Umma ke aika in ɗauko shi. Har gobe ina tuna sanyin Disamba, hannunsa a kafaɗata, ina bi da shi ta lungu don kada 'yan majalisa su gan mu, takalminsa ƙafa ɗaya a hannuna.

Shekara 4 ke nan da ya daina, alhamdulillahi, amma ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Ƙarshen fim ɗin ne ya gagare ni. Na rubuta uban yana kuka yana cewa "ɗana ka yafe mini", da na karanta sai na yage, don Baba ba zai taɓa faɗin haka ba. Yaya zan yi? Sannan wannan ba tonon asiri ba ne?

Maman Hanifa, Rikkos:
Ɗana, ka yi daidai da ka yage. Maigidana ya yi shekara 9 a cikin wannan hali, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba. Ranar da na san ya dawo, kuɗin cefane ya ajiye mini cif, ya zauna a tabarma ya sa hannu a kwanon tuwo ɗaya da yara. Ƙaramar ta kasa ci, sai kallonsa take yi. Kuma don Allah kada ka bar uwar a bakin murhu kawai. Ita ce ke ce wa baƙi "ba ya jin daɗi, ya kwanta", ita ce ta sayar da ɗan kunnenta aka biya haya.

Nas Bukuru:
Ni ma'aikacin jinya ne. Kada ka nuna uban ya ji wa'azi da dare ya wayi gari garau. Wanda ya daɗe yana sha sosai, in ya tsaya farat ɗaya, kafin kwana guda hannu ya fara rawa, ga gumi da amai, barci ya ƙaurace. A kwana na 2 zuwa na 3 wasu kan yi jijjiga ko gane-gane, har a rasa rai. Shi ya sa muke cewa a kawo su asibiti. Ka nuna wannan, akwai gidan da zai amfana.

Malam Sabo:
A Sahihul Bukhari akwai mutumin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Kada ka mai da uban abin dariya ko dodo. Batun asiri kuwa, mutum ya tuba, Allah ya rufa masa. Ka canza masa sana'a da unguwa a fim ɗin, kuma ka nemi izininsa tukuna. In ya ce a'a, ka haƙura.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai. Mama, maganarki ta tuna mini abin da na manta. Wajen wata 2 da dainawarsa, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba, ya ce "tashi mu je masallaci". Ya ga ba ni da rigar sanyi, ya tuɓe tasa ya miƙo mini. Ta wannan lungun muka bi, shi a gaba ni a baya, ba wanda ya ce uffan. Shi zan rubuta.

Malam, izinin ne ban san ta inda zan fara ba. Ranar Alhamis zai dawo daga Fatakwal, ku sa ni a addu'a.